Top Silindar Yaya Murtala

Abu na farko da ya haɗa ni da mutanen Sharja, can ƙasar Larabawa, tambaya ce, kuma a kan ƙarfe aka yi ta. Jakata ta shige na'urar duba kaya a filin jirgi, sai ma'aikacin ya tsayar da ita ya yafito ni da yatsa. Na kwance igiya, na warware bargon da na naɗe abin da shi, ga top silinda ta Golf kwance tsakanin riguna biyu da ƙullin yajin da Inna ta daka mani. Ya ɗaga ta da hannu biyu, ya leƙa ramukan, ya juya ta, sannan ya dube ni.

"Ta sayarwa ce?" ya tambaya da Larabci.

Ɗan Larabcin da na tsinta a Islamiyya a Bungudu ya ishe ni in ce a'a.

"To ta mece ce?"

"Ta yayana ce," na ce.

Ya kira abokin aikinsa suka yi dariya. Daga baya na gane abin da ya ba su dariya, don a ƙasar can tsoffin injuna tsibi suke, wani tsibin ya kusa kai dutsen Kwatarkwashi, ga wani ya sha wahala ya ɗauko guda tun daga Najeriya. Suka ce in naɗe kayana in wuce.

Sunana Lawali, bakanike ne ni, a Gusau na koyi aiki kuma a can nake yi. Ga wanda bai san mota ba, top silinda ita ce murfin inji. A jikinta akwai ramukan da iska da fetur ke bi su shiga, da waɗanda hayaƙi ke bi ya fita, bawul kuma su ne ke buɗewa da rufewa. Wata rana na ga bidiyo a waya, wani Bature yana faɗaɗa waɗannan ramuka da ƙaramar giranda, yana goge su har suna ɗaukar ido, aka nuna motar tana tashi kamar an harbo ta. Ban ji abin da yake faɗa ba, hannunsa kawai na kalla. Mu kuwa a garejinmu aiki mai kyau shi ne mai ƙyalli, kuma kowa ya san babbar ƙofa ta fi ƙarama shigar da mutane. Ban tsaya tambayar kowa ba.

Yayana Murtala direba ne, yana jan Golf tsakanin Gusau da Tsafe, wani lokaci har Funtuwa. Direbobin hanyar nan ba don burga suke son gudu ba, kowa ya san abin da ke fitowa daga daji. Na ce masa ya ba ni motar kwana biyu, zan mayar masa da ita doki. Ya ba ni, don shi bai taɓa hana ni komai ba. Na ci ramukan nan da giranda har yatsuna biyu suna shiga inda da ɗaya ke shiga, na bi su da samfefa har ina ganin fuskata a ciki. Bayan kwana uku ya tsaya bakin gareji ya ce, "Lawali, motar ga ta yi nauyin tashi. In ta ɗau hanya tana gudu, amma daga tsaye sai ta yi kamar tana tunani." Na ce masa fulogi ne, na canza masa, na ce ya ba ta kwana biyu ta saba.

Kwana goma da gama aikin, da hantsi, 'yan bindiga suka tare hanya tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe. Motoci uku da ke gaban Yaya Murtala suka juya suka tsere. Shi ma ya juya. Wata mata da ke gidan gaba, wadda Allah ya yi wa sauran kwana, ta ce da ya take totur sai motar ta yi shiru, ta yi tari, kafin ta ɗauka an iso su. Shi aka fara harba.

Mutane suka ce ƙaddara, ni ma na ce ƙaddara, don Musulmi ne ni. Amma da aka jawo motar gida na kwance top silindar na ɓoye ƙarƙashin gado, kuma tun daga ranar abinci bai sake yi mani daɗi ba. Na koma na kalli bidiyon nan ya fi sau hamsin. Sai a lokacin na lura cewa kafin Baturen ya taɓa giranda, da bayan ya gama, yana ɗora ƙarfen a kan wani tebur mai ruri, yana karanta lambobi. Babu irin teburin nan a Gusau, na tambaya a Kano da Kaduna ban samu wanda ya san inda yake ba. Shi ya sa da wani ejan ya ce akwai aikin gareji a Sharja, har da motocin tsere, ban yi shawara da kowa ba. Abu ɗaya na je nema, wato in ɗora ƙarfen nan a kan teburin ya faɗa mani ko hannuna ne ya tsayar da motar yayana.

Zangona na farko ba gareji ba ne. Ejan ya shirga mani ƙarya, Allah ya isa tsakanina da shi. Daga filin jirgi aka zuba mu a bas aka kai mu bayan gari, wani makeken fili inda ake kwance motocin da suka yi hatsari. Tun a ƙofa wani mai tumbi ya karɓe fasfo ɗinmu ya jefa a durowa. Da na ce ni bakanike ne, ya miƙo mani guduma da kurfi ya nuna mani wata mota da ta murƙushe. Mu takwas aka zuba a kwantena guda, gadaje hawa biyu, fanka ɗaya mai juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Ni da nake taƙamar na san rana, na tashi a inda ake sharar gona a tsakiyar bazara, sai ga shi a mako na biyu na yanke jiki na faɗi a gindin wata mota. Zafin can ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, kamar an rufa maka bargo a ɗakin girki. Da na farfaɗo sai na ji ana cewa, "Sannu, sha a hankali," da Hausa. Na ɗauka mafarki nake. Ashe wani dattijo ne, Malam Haruna, mutumin Maraɗi, shekararsa shida a filin. Ruwa ne ya sa wa gishiri da lemun tsami yake ɗura mani da murfin fulas. Da ya ji maganata ya ce, "Bazamfare ne ashe. To ai gida guda muke, daji ne kawai tsakaninmu." Tun daga ranar bai sake cin abinci bai ajiye mani ba.

Ƙarfen nan ma ya jawo mani fitina. Wani a cikin 'yan ɗakinmu ya ji cewa ana haƙar zinariya a jiharmu, ya kuma ga ina tura jaka mai nauyi ƙarƙashin gado ba na barin kowa ya taɓa. Ran wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar an farke jakar da wuƙa, an zare bawul biyu, an zura waya a kowane rami ana neman abin da na ɓoye. Ni mutum ne mai zuciya, ban iya ɓoye wannan ba. Na shaƙe wanda na samu a wurin har idonsa ya fito, da Malam Haruna bai rungume ni ta baya ba da yanzu wani labarin ake yi. Da ƙura ta lafa ya zaunar da ni a inuwar kwantena ya ce, "Yaro bai yin haka don ƙarfe. Faɗa mani." Shi ne mutum na farko a duniya da na faɗa wa. Bai ce mani ƙaddara ba, bai ce laifina ne ba. Ya ɗauko allura da zare ya ɗinke mani jakar.

Wata takwas na yi a wurin. Kewar gida ba ta zuwa inda kake jiranta. Ban cika tuna manyan abubuwa ba, sai ƙanana: hoce mai zafi da ake sayarwa a bakin tasha, ƙamshin ƙasa in an yi ruwan farko a Furfuri, yadda Yaya Murtala ke danna hon sau biyu in ya shigo layinmu don Inna ta san shi ne. Ina kiran Inna duk Juma'a, amma ba na wuce minti biyu. Ta ce, "Kana cin abinci?" in ce ina ci. Daga nan sai in ce katin ya kusa ƙarewa.

Fitata daga filin ta zo ne ta hanyar da ban zata ba. Wani mai gareji ya zo sayen injin babbar mota, an riga an ɗora masa a ƙugiya. Ni kuwa na ga wani siririn layi tsakanin mazaunin bawul biyu, na san tsagewa ce. Bakina bai iya shiru ba, na nuna masa da farce. Mai tumbi ya harare ni kamar zai cinye ni, amma mai garejin ya tambayi sunana. Bayan mako guda fasfona ya tashi daga waccan durowa ya koma wata durowar, ni kuma na bi shi. Ba a tambaye ni ko ina so ba, amma wannan karon ina so.

Garejin na 'ya'yan masu hali ne, samari masu fararen riguna da ke kawo manyan motoci a ƙara musu ƙarfi don hawan tudun yashi. Kowa na kiran mai wurin Mudir. A can ƙurya akwai ɗaki mai gilashi da sanyi, a cikinsa kuwa ga teburin da na baro ƙasata dominsa. Ranar da na fara ganinsa na matsa na leƙa ta gilashin. Ba wani abin kallo ba ne, akwati ne mai rami a sama inda ake ɗaure top silinda, da maɓallin murɗawa, da dogon bututun gilashi mai ruwa launin ja a ciki, da allo mai nuna lamba. In an kunna shi yana zuƙar iska ta cikin ramin ƙarfen, ya faɗi yawan wadda ta wuce.

Mai kula da shi wani tsoho ne ɗan Pakistan, Baba Gulam, gemunsa ja da lalle, kunnensa ɗaya ya mutu saboda rurin injin. Ba ya barin kowa ya taɓa masa kaya, ko tsintsiya sai ya nuna maka inda za ka bi. Ni aikina wanke ƙarafa ne, har ranar da Mudir ya ga yadda na goge wani murfi. Daga nan duk top silindar da Baba ya gama sai a miƙo mani in ƙyalƙyale bakin ramukan, iya inda idon mai mota zai gani. Na lura Baba yana barin cikin ramin da ɗan kaushi, na ce a raina tsufa ne ya sa shi ganda. Ka ji ƙaramin sani, wanda aka ce ƙuƙumi ne.

Na yi wata biyu ina kewaya ɗakin nan kafin in samu ƙarfin hali. Baba na tsorata ni, sai na je wa Mudir, ranar da na ga yana cikin fara'a. Na ce ina da wani aiki da na yi a ƙasarmu, ina so a auna. Ya yi dariya ya ce in kawo. Shi da kansa ya ɗaura ta, ya danne bawul ɗin ya buɗe har ƙarshe, ya murɗa maɓalli, injin ya yi ruri. Ya duba lambar da kamfani ya rubuta wa irin wannan ƙarfe a kwamfuta, ya duba ta allo, ya buga mani takarda. Tawa ta ɗara ta kamfani nesa ba kusa ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai gwani ne, Afirka. Da giranda kawai ka yi wannan?"

Na zagaya bayan gareji na zauna a kan tsohuwar taya na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza. Na yi alwala na yi nafila raka'a biyu. Ranar na cinye shinkafa faranti biyu, na kira Inna muka yi kusan rabin awa, har ta ce, "Lawali, yau mi ya same ka?" Na ce ba komai, lafiya ce. Na ninke takardar na sa a aljihun gaba, mako guda cur ina tafiya kamar an sauke mani buhun gero daga ka.

Abin da ya ɓata mani shi ne ido. Na lura duk lokacin da Mudir zai auna wa mai mota aiki, Baba Gulam sai ya ɗauki butarsa ya fita, ko da lokacin salla bai yi ba. Wata rana wani saurayi ya kawo top silinda, ina tsaye ina riƙe da sifana. Kafin a taɓa ta Mudir ya auna, na ga jan ruwan nan na bututu ya tsaya a wani layi. Bayan kwana uku da aka gama aiki ya sake aunawa a gaban saurayin, sai na ga ruwan ya haura wancan layi da kusan tsawon yatsa. Saurayin bai kalli bututu ba, lambar allo yake ɗauka a waya yana murna.

Da suka fita na sami Baba yana goge tebur. Da guntun Larabci da nuni na tambaye shi mene ne aikin jan ruwan. Ya kalle ni ta saman tabarau. Sannan ya ɗaura wata top silinda da ke gefe, ya kunna, ya nuna mani lamba. Bai taɓa ƙarfen ba, ya murɗa maɓalli kawai, ruwan ya hau, lambar ma ta hau.

"Ka gani?" ya ce da ƙarfi, yadda kurame ke magana. "Ramin bai canza ba. Ƙarfin jan iska aka ƙara. In za ka gwada abu biyu, dole ka ja su da ƙarfi ɗaya. Nan, ashirin da takwas, kullum nan." Ya ɗora farce a kan layin. "Wanda bai kalli ruwa ba, an sayar masa da iska."

Na zaro takardata na miƙa masa. Ya karanta, ya nuna mani wata 'yar lamba a ƙasa da ban taɓa kula da ita ba. An ja tawa da ƙarfin da ya wuce na littafin kamfani. Ya kuma ce layin lamba ɗaya tak ba awo ba ne, don an buɗe bawul ɗin har inda ba ya kaiwa a cikin mota. Ya mayar mani da ita ya ce, "Wannan ta nuna wa abokai ce."

Ban san lokacin da na ɗauki babbar sifana na nufi ofishin Mudir ba. Ba don ya cuci samarin nan ba, su suna da abin da za a cuta. Ni mako guda ya ba ni na kwanciyar rai na ƙarya, har na yi wa Allah godiya a kan ƙarya, wannan ne ya ƙona ni. Baba ya riƙe mani wuyan hannu, tsoho ne amma riƙonsa kamar filaya. Ya ce, "Fasfonka yana durowarsa. Ajiye." Na ajiye. Ya ce in ina son awo na gaskiya in samo irin wannan ƙarfe wanda ba a taɓa ba, in zo ranar Juma'a bayan masallaci, lokacin da gareji ke rufe.

Ina zan samu? Na kira Malam Haruna. Ya ce in ba shi mako biyu. Ashe ranar hutunsa guda ya ba mai tumbi, ya yi masa aiki a kyauta, aka bar shi ya tono wata daga tsibin da za a kai narkarwa. Ya sa ta a buhun shinkafa, ya hau bas biyu, ya iso garejinmu rigarsa sharkaf da gumi. Na fara yi masa godiya. Ya ce, "Bari godiya, Bazamfare. Amma ka tabbata kana son ji? Wani abin in an tono shi ba ya komawa rami." Na ce na tabbata. Ya ce to shi zai jira a waje.

Baba ya fara da wadda ba a taɓa ba. Ya ɗaura wani agogon awo a kan bawul, yana buɗe shi kaɗan-kaɗan, hawa shida. A kowane hawa sai ya daidaita jan ruwan a kan ashirin da takwas, sannan ya ce in rubuta lamba. Muka sauke ta muka ɗora tawa, ya sake bin hawa shidan. Ba sai an yi mani fassara ba, ni na rubuta da hannuna. A hawa huɗu na farko tawa tana ƙasa. A na biyar suka yi kunnen doki. A na shida ne kaɗai tawa ta wuce.

Na nuna masa na shidan, kamar mai nutsewa ya ga kara. Ya girgiza kai. Ya ja layi da biro a ƙarƙashin na biyar ya ce, "Bawul ɗin motar nan iyakarsa ke nan, kuma ɗan lokaci kaɗan yake yi a nan. Yawancin aikinsa a waɗannan huɗun ne. Ribar da ka samu tana inda motar ba ta taɓa zuwa ba."

Bai tsaya nan ba, don shi malami ne, bai san yana yanka ni ba. Ya ɗauko siririyar waya mai ɗan zare a baki ya zura a ramin wadda ba a taɓa ba, zaren ya miƙe sak yana bin iska. Ya zura a nawa, a ƙasan ramin inda na fi ci da giranda, zaren ya dinga kaɗawa yana juyawa, har yana waiwayowa baya. Ya ce iskar nan ba tafiya take ba, yawo take. Sai ya ɗauko wani yumɓu mai laushi ya cike wurin da na kwana biyu ina ci, ya shafe da babban yatsa, ya mayar da ramin ƙarami kamar yadda na same shi. Ya kunna. Lambobin suka hau. Ya ce ramin da ya yi faɗi da yawa iska ba ta gudu a cikinsa, kamar tiyon ban ruwa ne, in ka matse bakinsa ruwa ya yi nisa, in ka sake ya zube a gabanka. Ƙyallin kuma da nake taƙama da shi, ya fesa masa ɗan ruwa, ya taru ɗigo-ɗigo yana gangara. Ya ce haka fetur ke yi, ya rabu da iska ya kwanta a bango, shi ya sa yake barin nasa da kaushi.

"Mota mai wannan," in ji shi yana goge hannu, "in ta ɗau hanya za ta yi gudu. Amma daga tsaye, da lodi, in direba ya take totur gaba ɗaya, sai ta yi shiru tukuna. Wataƙila ta yi tari. Sannan ta ɗauka."

Ban taɓa ba shi labarin ba. Bai san da wata mata a gidan gaba ba, amma maganarta ce ya maimaita, har da tarin. Na zauna a ƙasa, a kan tayil mai sanyi, na faɗa masa komai da Larabcin da ya karye da Hausar da ba ya ji. Ya kashe injin, ɗakin ya yi tsit. Na ce, "Baba, da ban taɓa ta ba, da ya tsira?"

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Ɗana, teburin nan iska yake aunawa. Ya ce motar ta yi nauyin tashi, kuma aikin hannunka ne. Wannan ba zan ɓoye maka ba. Ko da ta tashi da wuri harsashi zai same shi ko ba zai same shi ba, ba ni da injin da ke auna wannan, kuma babu mai shi."

Da na fito Malam Haruna ya dubi fuskata. Ya raka ni har bakin masauki, ya juya ya tafi neman bas ɗinsa.

Na ƙara shekara ɗaya da wani abu a garejin, don sai wa'adin takarda ya cika ake ba mutum fasfonsa. Ban sake goge rami ya yi ƙyalli ba sai da Mudir ya tsaya a kaina, kuma ko shi iya baki. Duk Juma'a Baba yana koya mani: inda ake ci kaɗan, inda ba a taɓawa ko da wasa, yadda ake karanta layi shida tare ba a ɗauki wanda ya yi wa mutum daɗi ba. Ranar da zan tafi ya ba ni wayar nan mai zare, da bututun roba mai haske, da 'yar kwalbar jan ruwa, ya zana mani yadda zan haɗa nawa teburin da injin shara mai zuƙar ƙura. Ya ce, "Auna kafin ka ci. Ƙarfen da ka cire ba ya dawowa."

Daga Kano na shigo motar Gusau, ita ma Golf ce. Duk shingen da muka tsaya kunnena na kan inji, ina jin yadda take ɗauka. Da muka wuce Tsafe na rufe ido, ban buɗe ba sai da na ji direba ya ce ga Kwatarkwashi. La'asar sakaliya na isa Bungudu. Na tarar da Inna a tsakar gida a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta rame, gashin da ke leƙowa ƙarƙashin ɗankwalinta ya yi fari fat. Sai da 'yan sannu da zuwa suka watse na ɗauko jakar da Malam Haruna ya ɗinke, na warware bargo, na ajiye ƙarfen a gabanta.

Na ce, "Inna, wagga ta motar Yaya ce. Ni na yi mata aikin da ya hana ta tashi ranar nan. Na kai an auna, an tabbatar mani. Abin da ya kai ni ke nan, ba neman kuɗi ba."

Ba ta daina ɓarar gyaɗar ba. Ta ce, "Na sani."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

Ta ce, "Murtala ya hwaɗa mani. Kwana huɗu kahin abin, nan yaz zauna inda kake zaune. Yac ce motar ba ta tashi, wani bakanike na Tsahe ya ce ya kawo a canza mashi ƙarhen, rana guda an gama. Nac ce to ka kai mana. Yac ce, Inna, in na kai, tasha duka za ta ji Lawali ya ɓata aiki, ba mai sake kawo mashi mota. Yaron ga yana da kai, bari ya gano da kanshi ya gyara."

Da ƙyar na ce, "Mi ya hana ki hwaɗa mani, Inna? Kina kallo na tahi."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Na rasa guda. Na ga yadda kake kallon rijiya kwanakin nan. In hwaɗa maka in rasa biyu?"

Ta miƙa hannu ta shafa ƙarfen, yatsanta ya shiga ramin nan mai ƙyalli, inda har yanzu akwai ragowar yumɓun Baba Gulam. Ta janye hannun ta goge a zane, ta tura mani kwanon gyaɗa gabana.

Yaya Murtala ya ce a bar ni in gano da kaina. Na gano, bayan shekara uku da ƙetare teku. Shi kwana huɗu ya samu yana jirana. Na jawo kwanon na fara ɓara, muka zauna ni da ita har aka kira magariba.